Wa ke riƙe da agogon ƙwallo?

A Baudeta da garuruwan da ke maƙwabtaka da ita, su Kona da Korgom da Hawandawaki, har a hau zuwa Tasawa da ƙasar Mayahi, ba a kiran taro don a sa lokacin wasan ƙwallo. Da an sallame La'asar samari za su nufi filin lakkwal, a yi ta fafatawa har ladan ya kira Magariba. In rabin lokaci na biyu bai cika minti 45 ba, babu mai kai ƙara, don duhu ba ya jin roƙo. Da damina, sa'ad da gasar babban hutu ta ƴan makaranta take ci, sai an taso daga gona an ɗan huta. Da bazara kuwa, a Afrilu da Mayu, rairayin fili ba ya takuwa sai rana ta karya. Salla da noma da zafin rana su suka raba yinin a tsakaninsu, ƙwallo ta karɓi abin da ya rage.

Amma samarin nan suna da agogo na biyu, wanda ake rubutawa da alli a allon ƙofar gidan kallo: wane da wane ƙarfe 4, wane da wane ƙarfe 9 na dare. Ba a shawarci kowa a jihar Maraɗi ba kafin a saita shi. Duk da haka da shi mai gidan kallo yake auna man da zai zuba wa gurup, da shi mai shayi da mai tsire suke sanin lokacin tashi, a kansa kuma uba yake faɗa da ɗansa. Ya kamata a ce mun san inda ake yanke wannan lokaci, da abin da ake dubawa kafin a yanke.

Akwai sa'ar da muka taka ba da dabararmu ba. Nijar da Najeriya ba sa taɓa agogonsu duk shekara, Turai kuwa tana tura nata gaba da awa guda a Lahadin ƙarshe ta Maris, ta dawo da shi a Lahadin ƙarshe ta Oktoba. Shi ya sa da sanyi agogon Tasawa yake daidai da na Faris da Madrid, da bazara da damina kuma ya koma daidai da na Landan. Wasan gasar zakarun Turai da ake takewa ƙarfe 9 na dare a can, ƙarfe 9 ne a nan daga Nuwamba zuwa Maris, amma da an shiga Afrilu sai ya dawo ƙarfe 8, ya hau kan Isha'i. Waɗanda suka tuna azumin 2022 da na 2023 sun san yadda wasannin kwata fainal suka riƙa karo da asham. Ko a hakan ma mu gode Allah, domin mai kallon wasan nan a Jakarta sai ya tashi ƙarfe 2 ko 3 na dare. Mun ɗanɗana irin tasu a gasar duniya ta 2002 da aka yi a Koriya da Japan: Najeriya da Ajantina ƙarfe 6:30 na safe, Senegal kuma ta doke Faransa a wasan da aka fara 12:30 na ranar Juma'a, mutane ido ɗaya a akwati ido ɗaya a hanyar masallaci.

Wanda yake son ganin yadda ake cinikin lokacin wasa ƙiri-ƙiri, ba kunya ba ɓoye-ɓoye, sai ya leƙa jami'o'in Amurka. Ƙwallon da suke bugawa ba irin tamu ba ce, wata mai tsini biyu ce da ake rungumewa a ruga da ita, ƴan wasa sanye da hular kwano suna ture juna. Mu ba kallonta muke ba, amma a can wasan ɗalibai ne ke cika filayen da suka fi na ƙwararru girma. Filin jami'ar Michigan kaɗai yana cin mutum fiye da 107,000. Jami'o'in sun haɗu gungu-gungu, kowane gungu da sunansa da shugabansa da jadawalinsa: Big Ten, SEC, Big 12, ACC, da wasu ƙanana a bayansu. Gungun ne yake sayar wa tashoshin talabijin izinin nuna wasannin membobinsa, a raba kuɗin. A cikin abin da ake sayarwa har da ikon faɗin ƙarfe nawa za a fara.

Da ba haka abin yake ba. Tun farkon shekarun 1950 hukumar wasannin jami'o'i ta ƙasa, NCAA, ita ke riƙe da harkar talabijin, tana ƙayyade wasa nawa za a nuna da sau nawa jami'a ɗaya za ta fito, saboda tsoron kada mutane su zauna gida su bar filaye wayam. Ƙwallon ɗalibai ta Asabar ce da rana, in ka cire ƴan wurare irin jami'ar jihar Luwiziyana da ke Baton Rouge, wadda ta fara wasan dare tun 1931, zafin kudu yana cikin dalilanta. A 1984 jami'o'in Oklahoma da Jojiya suka kayar da hukumar a kotun ƙoli, aka ce kowa yana da ikon sayar da nasa. Daga nan agogo ya fara barin hannun shugabannin jami'a yana komawa hannun masu tsara shirye-shiryen talabijin, sannu a hankali dai, amma bai dawo ba. Michigan ta yi ta turjewa, ba a buga wasan dare a filinta ba sai a Satumban 2011, da Notre Dame, ranar da aka ƙirga mutum 114,804.

Dubi yarjejeniyar da Big Ten ta ƙulla da tashoshi uku a Agustan 2022, ta shekara bakwai, a kan fiye da dalar Amurka biliyan 7. An yanka ranar Asabar gida uku. Fox ta ɗauki ƙarfe 12 na rana, CBS 3:30, NBC 7:30 na dare, duk da agogon gabashin ƙasar, inda kusan rabin jama'a suke zaune. Wasa ɗaya yakan ci awa uku da rabi ko kusa da haka saboda tsaye-tsaye da tallace-tallace, don haka ana tashi daga wannan ana shiga wancan, mai kallo ba zai samu dalilin kashe akwatinsa ba tun rana tsaka har dare ya raba. Kafin kakar wasa ta kama, wakilan tashoshin sukan zauna su yi zaɓe bi da bi. Mako suke zaɓa: wadda ta kama makon kaza, ita ce za ta fara tsinke wasan da ya fi tsoka a cikinsa, saura su ɗauki abin da ta bari. Fox ce ke da zaɓin farko, kuma takan kama makon da Ohio State da Michigan suke haɗuwa a ƙarshen Nuwamba, ta sa wasan 12 na rana.

To, a watan Mayu ba wanda ya san ƙungiyar da za ta yi tashe a Oktoba. Saboda haka lokutan makonni uku na farko da na wasu manyan wasanni kaɗai ake sanarwa da wuri. Sauran sai saura kwana 12 a faɗi lokacinsu. Yarjejeniyoyin kuma sun ba tashoshi damar su ƙara jan ƙafa ƴan lokuta a kaka, su ce sai sun ga sakamakon Asabar mai zuwa, wato sai saura kwana 6. Ka sayi tikitin kaka guda tun watannin baya, kana zaune tafiyar awa huɗu daga fili, amma ba ka sani ba ko sammako za ka yi ko kwanan hanya, sai Lahadi ta zo. A nan nake ganin rashin adalcin ya fito fili, domin wanda ya fi kowa wahala a kan wasan shi ne na ƙarshe da ake tunawa da shi. Gungun SEC, da ya koma hannun ESPN da ABC gaba ɗaya a 2024, ya ɗan sassauta. Tun kafin kaka ana faɗa wa mutane ko wasa na farkon rana ne, ko na yamma, ko na dare tsakanin 6 da 8, sai wasu a bar su suna lilo tsakanin yamma da dare har lokaci ya matso.

Me ya sa ake rububin dare? A wajen tasha, lokacin ne mutane suka fi zama gaban akwati, talla ta fi tsada. A wajen koci, fili maƙil ƙarƙashin fitilu, ɗalibai sun wuni suna zuga juna, shi ne abin da zai nuna wa yaron sakandaren da yake zawarci. Ƴan sanda da mazauna garin kuwa ba sa marmarin taron da ya wuni yana shaye-shaye sannan ya watse ƙarfe 11 na dare. Sai kuma sanyi. A jihohin da Big Ten ta samo asali daren Nuwamba yana daskarar da ruwa, shi ya sa gungun ya daɗe da al'adar ba a tilasta wa jami'a wasan dare a ƙarshen kaka. Da NBC ta biya kuɗin daren Asabar na kaka guda cur, sai al'ada da kwantiragi suka yi gware. A 2023 Ohio State ta karɓi Michigan State da dare ranar 11 ga Nuwamba, wasan Michigan State da Penn State kuma aka ɗauke shi daga harabar jami'a aka kai shi rufaffen fili a Detroit, daren Juma'a. An yi gunaguni, amma an buga. Kowa ya ci ladan kuturu sai ya yi masa aski. Abin dariya, ba a jima ba magoya bayan Ohio State ɗin suka koma kukan akasin haka, wai Fox ta maƙale musu 12 na rana ta hana su dare, har a 2025 wani ɗan majalisar jihar ya kai ƙudurin doka na hana sa manyan wasanninsu a wannan lokaci.

Mutanen yammacin ƙasar su suka fi shan wuya. Kalifoniya tana bayan New York da awa uku, to tashar da take son cike gurbin 10:30 na dare a gabas ba ta da inda za ta samo wasa sai can, inda ƙarfe 7:30 ne. Gungun Pac-12 ya zama mai gadin wannan gurbi shekara da shekaru, ƴan wasansa suna bajinta alhali rabin ƙasa da yawancin ƴan jaridar da ke raba yabo sun yi barci. A 2017 kocin jami'ar Washington, Chris Petersen, ya fito ya ba magoya baya haƙuri a kan yawan wasannin dare, aka mayar masa da magana a shirin ESPN cewa godiya ta kamace shi. Gungun ya kasa samun ciniki mai kauri, a 2024 goma daga cikin jami'o'insa sha biyu suka kama gabansu. Huɗu sun shiga Big Ten, yanzu ɗalibi daga Los Angeles yakan ƙetare ƙasa ya buga wasan 12 na rana a gabas, jikinsa yana ce masa ƙarfe 9 na safe ne. Ƙananan jami'o'i na gungun MAC kuwa, da suka ga ba su da wurin tsayawa ranar Asabar, sai suka karɓi daren Talata da na Laraba a Nuwamba. Duk ƙasa tana ganinsu a akwati, kujerun filinsu galibi ba kowa, ga darasi yana jiran yara da safe. Kuma har zuwa 2025 jami'o'in ba sa ba ƴan wasan wani kaso kai tsaye daga wannan kuɗi.

Abu guda Amurkawa suka yi da ya cancanci a tsaya a kansa. Dokar da majalisarsu ta yi a 1961, aka faɗaɗa ta a 1966, ta sa babbar gasar ƙwararru ta NFL kauce wa daren Juma'a da ranar Asabar daga mako na biyu na Satumba zuwa mako na biyu na Disamba. Daren Juma'a na ƴan sakandare ne, Asabar ta jami'a, Lahadi ta ƙwararru. Ingila ma tana da nata shingen. Tun shekarun 1960 ba a nuna ƙwallo kai tsaye a talabijin ɗin ƙasar ranar Asabar daga 2:45 zuwa 5:15 na yamma, don ƙananan kulob su samu ƴan kallo a filayensu. Sauran lokutan gasar Firimiya da yaranmu suka haddace, 12:30 da 5:30 na Asabar, 4:30 na Lahadi, 8 na daren Litinin, an buɗe su ne a gefen wannan shinge don a samu abin sayar wa tashoshi, kuma cinikin cikin gida na kaka huɗu daga 2025 ya kai fam biliyan 6.7.

Ga inda abin ya taɓa mu. Wasannin ƙarfe 3 da Bature ya hana kansa gani, mu ana nuna mana su tsaf ta tauraron ɗan Adam. Da sanyi suna isowa ƙarfe 4 na yamma, daidai lokacin da alƙali yake busa usur a filin Sani Abacha na Ƙofar Mata a Kano, ko a Karkanda ta Katsina, ko a filin Maraɗi in Jangorzo ko Ɗan Kasawa suna gida. Babban wasan Lahadi yana shigowa 5:30, ana tsakiyar rabin lokaci na biyu a filayenmu. Shingen da ya kare ƙaramin kulob a Ingila bai ƙetaro teku ba, mu kuma ba mu kafa namu ba. Kano Pillars tana da jama'ar da ko wa ke wasa a Turai ba za su fasa zuwa fili ba, amma kulob nawa ne suke da irin wannan gata? Saurayin da ke da kuɗin shiga wuri ɗaya kawai a aljihu, an bar shi ya zaɓa tsakanin inuwar gidan kallo da ranar fili, kuma mun san abin da yawanci suke zaɓa.

Amsar da ke saurin zuwa baki ita ce mu ma mu koma dare. Maraɗi ta taɓa gwadawa a gaban Afirka. A Fabrairun 2019 Nijar ta karɓi gasar nahiya ta ƴan ƙasa da shekara 20, aka raba wasanni tsakanin Yamai da Maraɗi. Rukunin Senegal da Mali da Burkina Faso da Gana ne ya sauka Maraɗi, jadawali ya ce wasa biyu a rana, 4:30 na yamma da 7:30 na dare. Ranar 3 ga wata aka buga na yamma. Na daren, tsakanin Burkina Faso da Gana, bai yiwu ba saboda matsalar fitilun fili, aka ɗaga shi zuwa washegari. Wasannin ranar 6 ga wata kuma aka jawo su baya, ɗaya 1:30 na rana ɗaya 4:30. Hukumar CAF ta rubuta abin da take so a Alƙahira, ƙarshenta da hasken ranar Maraɗi aka yi aiki.

Hasken da zai ishi ɗan wasa ya ga ƙwallo daban ne da wanda kyamara take nema. Ita tana son haske mai ƙarfi, bai ɗaya a kowane lungu na fili, da injin ko-ta-kwana da zai karɓa nan take in wuta ta ɗauke. Wutar da Maraɗi da Damagaram suka daɗe suna sha kuwa babban rabonta daga Najeriya take shigowa, ta layin Katsina zuwa Gazawa, nan kusa da mu. Da aka yanke ta a Agustan 2023, bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, har zuwa Maris ɗin 2024, ba wanda ya isa ya kawo zancen haska filin ƙwallo alhali asibiti da maƙera da masu ƙanƙara suna layi. Mai gidan kallo a ƙauye shi dama tun asali bai jingina da layin ba, gurup ne da farantin sola da batir, kuma shi zai faɗa maka cewa wasan ƙarfe 9 da ya shiga ƙarin lokaci da bugun fenareti cin riba ne. Ita kanta Mena, ƙungiyar ƙwallon ƙasar Nijar, da filin Seyni Kountché ya kasa cika sharuɗɗan CAF, sai ta koma karɓar baƙi a ƙasashen waje. A Maris ɗin 2025 Nijar ce mai gida a takarda, amma a Oujda ta Maroko aka buga da Maroko, cikin daren azumi. Wanda ba shi da fili ba ya sa lokaci.

Kada kuma a ɗauka talabijin kullum dare take so a fili. Dare take so a inda mai biya yake zaune. A gasar duniya ta 1986 a Meziko an riƙa take wasa 12 na rana don Turai ta kalla da maraice, Maradona yana cikin waɗanda suka yi ƙorafi. A ta 2014 an sa wasan Kwaddibuwa da Japan ƙarfe 10 na dare a Recife, ƙarfe 2 na dare a nan, hantsi a Tokyo. A Disambar 2017 Real Madrid da Barcelona sun haɗu ƙarfe 1 na rana don kasuwar Asiya. Gasar kofin Afirka ma ta bi sahu: don kada wasa biyu su haɗu a akwati a zagayen rukuni, sai a jera su ɗaya bayan ɗaya, na farko ya faɗo ƙarfe 2 na rana. Ranar 12 ga Janairun 2022 a Limbe ta Kamaru, a wasan Tunisiya da Mali da aka fara a wannan lokaci, alƙali Janny Sikazwe ɗan Zambiya ya tashi wasa a minti na 85, aka dawo, ya sake tashinsa kafin 90 ta cika. Duniya ta yi ta dariya, daga baya aka bayyana cewa zafi ne ya buge shi har aka kai shi asibiti. Ba a yi wa wanda ya sa wasan ƙarfe 2 dariya ba. A Baudeta ko yaro ba zai sa wasa a wannan lokaci ba.

Kokowa ce ta nuna ana iya shiga talabijin ba tare da an miƙa mata wuya ba. Gasar takobi ta ƙasa ta fara a Tawa a 1975, Kantu na Maraɗi ya fara ɗaukar takobin, shi ya sa fagen kokowar Maraɗi yake ɗauke da sunansa. A yau jihohi takwas ne suke turo ƴan kokowa goma-goma, gasar tana zagayawa daga wannan jiha zuwa waccan, galibi da sanyi bayan an kai amfani gida. Ana kamawa da safe, a huta da rana, a dawo da yamma, Télé Sahel da gidajen rediyo suna bin fage yadda fage ya tsara kansa. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Gwamnati ce ke ɗaukar nauyin gasar, tashar ma tata ce, ba wani ɗan kasuwa da ya zuba biliyoyi yana jiran a biya shi da lokaci. Sannan kokowa ba ta da kishiya a Turai. Ranar da Issaka Issaka na Doso zai shiga fage babu wani wasa a Landan da zai raba masa jama'a. Ba wai ba mai juya lokacin ba ne, don ofis ne ke sa ranar buɗewa, kuma karawar ƙarshe takan jira manyan baƙi su zauna. Amma wannan jira ne da ɗan kallo yake ganin dalilinsa da idonsa.

Ƴan kallo ba su rasa ta cewa gaba ɗaya ba a inda suka haɗa kai. A Jamus an shigo da wasan daren Litinin, magoya baya suka ƙi, a Frankfurt har suka riƙa jefa ƙwallayen tanis cikin fili a 2018, aka soke tsarin a 2021. Hukumar ƙwallon Turai ma ta sanar da dawo da wasan ƙarshe na gasar zakaru daga 9 na dare zuwa 6 na yamma daga 2026, ta ce don sauƙaƙa wa masu zuwa fili da iyalansu.

Kuɗin talabijin sun fara leƙo ƙwallonmu. A 2023 gasar Najeriya ta ƙulla yarjejeniyar shekara biyar da StarTimes, kuma duk hukumar da ke neman abin biyan alƙalai da kuɗin mota ba za ta ƙi irin wannan tayi ba. Ni ina ganin wasan dare ya fi dacewa da mu a kan mutanen Ohio. Daga Maris zuwa Yuni dare ne lokacin da jiki yake dawowa daidai, an tashi kasuwa, an sallame Isha'i, wasan da aka take 8:30 zai ƙare kafin 10:30. Daren Juma'a kuma shi ne mafi sauƙin kishiyoyi, tunda Talata da Laraba na zakarun Turai ne, Alhamis ta ƙananan gasarsu, Asabar da Lahadi kuwa ba a magana. Sai dai wannan lissafin birni ne. Mutumin da ya taso daga ƙauye a kan babur don ya ga wasa a Maraɗi ko Katsina dole ya koma gida, kuma a yankunan kan iyaka irin su Madarunfa da Gidan Runji, inda ƴan bindiga suka addabi jama'a, hanyar dare ba abin wasa ba ce. Don haka al'adar da Big Ten ta bari ta suɓuce mata ita ce ya kamata mu fara rubutawa a takarda: kulob mai gida yana da ikon ƙin wasan dare in hukumomin garinsa ba su gamsu da tsaro ba. A haɗa da cewa lokacin da aka sanar ba ya canzawa in ya rage ƙasa da wata guda, kuma da bazara ba wasa kafin ƙarfe 4 ko da wace tasha ce ta nema. Sannan a fayyace tun kafin a sa hannu wanda zai sayi gas ɗin injin fitilu, domin in aka bar wa kulob wannan nauyi, kuɗin ƙofar da ake karɓa a yawancin filayenmu ba za su ɗauke shi ba.